Ranar da Taju Ya Yi wa Furosesa Ƙafafu

A Bungudu akwai wani saurayi mai suna Tajuddeen. Kowa Taju yake ce masa, ban da shi kansa, da yake kiran kansa Injiniya. Abin da ya haɗa shi da injiniyanci bai wuce ɗan zaman da ya taɓa yi a wata rumfar cajin waya a Gusau ba, kafin a sallame shi saboda ya tura wa wayar wani Alhaji cajar da ba tata ba, da ƙarfin tsiya. Tun daga lokacin ba ya fita sai da sukuddireba a aljihun gaba, inda malaman makaranta ke maƙala biro.

Yayansa, Malam Mannir, tela ne. Shi kaɗai ke da injin surfani mai aiki da kwamfuta a layinsu. Kwamfutar irin ta tebur ce mai akwati, tsohuwa tukuf. A da fara ce, yanzu ta koma kalar koko. In aka kunna ta, Malam Mannir yakan je ya yi alwala, ya sha kunu, ya dawo, sannan ta buɗe ido. Amma in ta buɗe, aiki take yi, kuma duk zanen rigunansa a cikinta suke.

Ana saura kwanaki kaɗan ɗaurin auren Zaharaddeen, wani direban bas ɗan Tsafe, sai aka aiko cewa surukin Malam Mannir ba shi da lafiya a Karakkai. An riga an ɗinke babbar rigar ango da na abokansa, surfani kawai ya rage. Malam Mannir ya miƙa wa Taju mabuɗin shago.

"Ka buɗe, ka share, in mai kaya ya zo ka ba shi kayanshi. Kwamfuta kuwa, ko ƙura ka gani bisanta, bar mata abinta. Alhamis ina dawowa in buga aikin ango."

"Haba Yaya, kamar kana magana da yaro."

"Da yaro ne da hankalina ya kwanta."

Ƙurar babur ɗin Malam Mannir ba ta gama lafawa ba Taju ya leƙa rumfar Luba mai waina, wadda ke manne da shagon, ya gyara murya don masu cin waina su ji.

"Jama'a, ku shaida. Wagga kwamfuta ta Yaya ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa. Mu a harkarmu furosesa muke ce mata. Zan cire ta in sa sabuwa. Kafin ya dawo, riga guda kafin mutum ya gama atishawa an buge ta."

Luba ta juya waina ba ta ko ɗago kai ba. "Taju, rediyon Inna da ka gyara, har yau sai an mare ta take magana."

"Ai da ko marin ba ta ji."

Washegari ya kama talotalonsa guda da ya mallaka a duniya, ya sayar, ya hau mota sai Gusau. Ya shiga wani shagon kayan kwamfuta na gwanjo, ya daki kanta da tafin hannu.

"Furosesa nike so. Wadda ta hi kowace gudu."

Mai shagon ya ce, "To. Wane madabod gare ka?"

"Mada? Mi ya haɗa ni da Mada? Ni daga Bungudu nike."

"A'a, Malam. Madabod. Babban allon nan da ke cikin akwatin, wanda furosesa ke zama a kansa. Kowane allo da irin wadda yake ɗauka."

Taju ya yi dariya har da buga ƙafa. "Na sani! Gwada ka nike yi, in ga ko ka san aikinka. Allona kore ne."

"Ai kusan duka kore ne."

"To ka gani! Ashe duk ɗaya ne. Ba ni waccan mai lambobi da yawa."

Mai shagon ya roƙe shi ya koma ya karanto sunan allon, ko ya ɗauko hotonsa a waya. Taju ya ce shi ba ɗan koyo ba ne da zai yi ta ɗaukar hoto. Ya karɓi abarsa a ɗan kwali, ya fita yana fito.

Da la'asar ya ɗora akwatin kwamfuta a kan teburin yanka, ya buɗe ƙofar shago wangalam don kada wani ya ce bai gani ba. Masu cin waina suka matso da kwanukansu. Ya kwance murfi, ƙura ta tashi, wani gizo-gizo ya fito a guje.

"Kun gani? Ga ɗaya daga cikin matsalolin."

Ya kama fankar da ke tsakiyar allon ya ja. Ta ƙi. Ya sa ƙafa ya dafe akwatin, ya ja da hannu biyu. Sai ji aka yi ɓas! Ya faɗi zaune, fanka a hannu, tsohuwar furosesa manne a bayanta. Ya ɓamɓare ta da sukuddireba. 'Yar aba ce mai kusurwa huɗu, cikinta cike da ƙananan ƙafafu masu ruwan zinariya, jere reras kamar an shuka.

Daidai nan mahaifiyarsu, Inna Delu, ta zo karɓar wainarta. Ta ga Taju zai wurga abar a kwandon ƙyallaye.

"Kai, mi ne ne wanga mai ƙyalli?"

"Shara ce, Inna. Zamaninta ya wuce."

"To ba ni. Ni ma nawa ya wuce, sai mu zauna tare." Ta ƙulle ta a bakin zane ta tafi.

Taju ya buɗe kwali da yanga, ya ɗaga sabuwar sama don kowa ya gani, ya juya ta zai sa a gurbi. Nan ya tsaya. Gurbin da ke kan allon cike yake da 'yan ramuka, masu jiran ƙafafu. Sabuwar kuwa cikinta sumul yake, sai ɗige-ɗige. Ko ƙafa ɗaya babu.

Ya ɗora ta, ta zame. Ya juya ta gabas, ta zame. Ya juya ta yamma, ya danna da babban yatsa har ya yi fari. Ya ɗauko almakashi ya ɗan ƙwanƙwasa ta da marikinsa.

Luba ta leƙo. "Mi ya faru, Injiniya?"

"Baƙunta take yi."

"Baƙunta? Taju, gurguwa aka sayar maka!"

Rumfa ta kece da dariya. Wani dattijo har waina ta shaƙe shi sai da aka ba shi ruwa. Taju ya rufe shago da wuri.

Da safe ya sake dira Gusau, tun daga bakin titi yake faɗa. "Ina ƙafafun? Ka cire ka ɓoye don ka sayar daban, ko?"

Mai shagon ya duba abar, ya duba shi. "Malam, ita haka aka yi ta. Irin wannan, ƙafafun a jikin allonta suke. Naka allon na wata iri ce daban, tsohon yayi. Ko shekara za ka yi kana dannawa ba za ta zauna ba. Sai dai ka sake allo, in ka sake allo kuma akwai sauran abin da za ka sake."

"To karɓi abarka."

"Wa ya yi mata wannan tabon?"

"Haka ta zo."

"Da shatin almakashi ta zo?"

Taju ya mayar da ita aljihu, ya ce dama shi bai cika son hulɗa da ƙananan shaguna ba.

A tashar mota yana neman ta Bungudu sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Zaharaddeen ne, angon da kansa, yana jiran bas ɗinsa ta cika zuwa Tsafe.

"Ƙanen tela! Yaya rigata?"

Mai hankali da sai ya ce tana nan lafiya, ya wuce. Taju kuwa ya ga direbobi sun juyo suna saurare, sai bakinsa ya ƙwace.

"Rigarka? Kai dai ka yi sa'a. Kai ne mutum na farko da sabuwar ƙwaƙwalwa za ta yi wa aiki. Ka zo Alhamis da la'asar, kai da abokanka duka. Kuna tsaye za a buga, ku tahi da kayanku da ɗuminsu."

"Da gaske?"

"Ka taɓa jin injiniya ya yi wasa?"

Sai da mota ta kama hanyar Bungudu sannan Taju ya gane girman alkawarin da ya ɗauka. Ya yi shawara a ransa: ya mayar da tsohuwar a ɓoye, ya ce sabuwa ce. In an ga tana jinkiri, ya ce ladabi take koyo.

Yana sauka ya wuce gida. Ya tarar da Inna Delu zaune a tabarma, ta baza 'yar takarda a cinya, tana goga goro a jikin wani abu, garin yana zuba ja wur. Tun da haƙoranta suka zube sai an goga mata goro take ci.

"Inna, ina abin nan da na ba ki jiya?"

"Ga shi a hannuna. Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Tunda nike ban taɓa samun magogi irin wanga ba."

Taju ya durƙusa ya duba. Ƙafafun zinariyar nan duk sun kwanta, wasu gabas wasu yamma, wasu sun karye, tsakaninsu cushe da jan goro.

"Inna! Ƙwaƙwalwar kwamfutar Yaya ce!"

"Kai ka ce shara ce."

"Jiya ne take shara!"

"To yau magogi ce. Ɗazu ma Ladidi ta nan maƙwabta ta ara ta goga citta, ta ce in tambaye ka ko akwai wata."

Ya miƙa hannu zai karɓa, ta make shi. "Kyauta ba ta komawa. Tashi ka ba ni wuri."

Hanyar baya ta toshe ke nan. Taju ya fita ƙofar gida ya tsaya yana sosa ƙeya, yana kallon titi. Can sai ya hango tartsatsin wuta a rumfar Ɗanlami mai walda. Fuskarsa ta washe.

Ya ajiye sabuwar furosesa a kan maƙerar Ɗanlami. "Ƙafafu za ka yi mata."

Ɗanlami ya ɗaga baƙin gilashinsa. "Ni ƙofa da taga nike yi, Taju. Sai gadon ƙarfe."

"Gado ba shi da ƙafa?"

"Shina da."

"To mi ya rage? Turawa yanzu sun daina sa ƙafa, saboda kowace ƙasa da irin tata. Kowa shi ke sa wa abarshi."

Ɗanlami ya jinjina kai, don maganar ta yi masa kama da gaskiya. "Ƙafa nawa?"

"Cika ta dai. Kada ka yi rowa."

Suka samo tsohuwar wayar birkin babur, suka warware ta, suka yayyanka guntu-guntu. Ɗanlami ya narka dalma yana ɗiga wa, Taju yana tsaye a kansa yana ba da umarni. Da aka gama, abar ta fito kamar bushiyar da aka tasa daga barci: wasu ƙafafun dogaye, wasu gajeru, wasu sun rungumi juna. Taju ya kai ta shago ya daidaita tsawonsu da almakashin yankan shadda na Malam Mannir, wanda ko takarda ba a yarda a yanka da shi.

Wannan karon da ya danna, ta shiga. Wato rabinta ya shiga, rabin ya tsaya a karkace kamar hular ɗan gaye. Ya tuna ya ga wani farin abu mai danƙo tsakanin tsohuwar da fanka. Ya aika aka sayo man goge haƙori, ya matse rabin kwalin a kai, ya ɗora fanka. Maƙallan fanka suka ƙi kamawa, sai ya ɗaure ta da robar tayar keke. Murfin akwati ya ƙi rufuwa, ya ce dama iska take so.

Ranar Alhamis tun azahar ya aro bencina. Ya karɓo baƙin gilashin Ɗanlami ya ƙwama. Kafin la'asar layin ya cika: masu cin waina, 'yan acaɓa, masu shagunan kusa, har da Inna Delu da aka kawo wa kujera gaba. Sai ga bas ɗin Zaharaddeen ta tsaya, abokan ango suka yi ta fitowa suna ƙamshin turare.

Taju ya shimfiɗa babbar rigar ango, farar shadda mai maiƙo, a ƙarƙashin allurar inji. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

"'Yan uwa, abin da za ku gani yau, ko a Gusau ba a taɓa yi ba. Ina roƙon masu hawan jini su matsa baya. Kada kowa ya ƙifta ido, don in ka ƙifta, an gama."

Luba ta ce, "Ni dai bari in janye kaskona."

"Janye, hassada ba ta hana fasaha."

Ba wanda ya lura da babur ɗin da ya tsaya a bayan taro. Malam Mannir ne ya dawo daga Karakkai. Ya ga cincirindo a ƙofar shagonsa, ya zaci rasuwa aka yi. Ya fara kutsawa yana tambaya, ba mai sauraronsa.

Aka tayar da janareta. Taju ya yi bismilla da ƙarfi, ya danna maɓalli.

Fanka ta juya. Juyin farko ta watso man goge haƙori, fari fat, ya sauka a goshin babban abokin ango da gemun wani ɗan acaɓa. Ƙamshin na'ana'a ya cika shago.

"Tana wanke cikinta ne," in ji Taju.

Gilashin kwamfuta ya tsaya baƙi ƙirin.

Zaharaddeen ya ce, "Injiniya, ban ga komai ba."

"Gudun ne ya yi yawa, ido ba ya kamawa."

Ƙamshin na'ana'a ya fara sauyawa zuwa ƙaurin roba. Wani siririn hayaƙi ya miƙe daga cikin akwatin.

"Hayaƙi, Taju!" in ji Luba.

"Tsohon jinkirin ne ke hita. Ku bar shi ya hita duka."

Sai tau! Kamar an fasa taya. Robar keke ta tsinke, fanka ta yi tsalle ta bugi silin, tartsatsi ya biyo baya, wuta ta kama ƙurar da ta shekara a akwatin. Taro ya watse. Benci ya kife da mutum huɗu. 'Yan acaɓa suka yi ta tsallake juna. Wani abokin ango ya faɗa rumfar Luba, ya fito da ƙullun waina har gwiwa, takalmi ɗaya a hannu. Ɗanlami, da ya san hannunsa na ciki, tuni ya kai ƙarshen layi. Inna Delu kaɗai ba ta motsa ba, tana tauna goronta tana cewa, "Ashe abin har da wasan wuta."

Taju ya waiga neman abin kashe wuta. Hannunsa ya faɗa kan abin da ya fi kusa. Ya fizgo shi, ya yi ta jibgar akwatin da shi har wutar ta mutu. Ya ɗago yana haki, yana murmushin nasara.

"Kun ga amfanin injiniya a kusa?"

Kowa hannun Taju yake kallo. Ya duba. Babbar rigar ango ce, da ƙatuwar ƙuna a ƙirji, wadda kan jariri zai iya wucewa ta ciki.

Zaharaddeen ya ɗora hannu a ka. Ya zauna a ƙasa.

"Taju."

Muryar a hankali ta zo, daga bakin ƙofa. Taju ya cire baƙin gilashi.

"Yaya! Sannu da hanya. Yaya mai jiki?"

"Mi na ce maka game da kwamfuta?"

"Ka ce in bar ƙura. Yaya, ƙurar ce ma ta kama wuta. Da ka bari na share..."

Malam Mannir ya leƙa akwatin. Ya sa yatsu biyu ya zaro bushiyar, baƙa ƙirin, tana ɗigar man haƙori. Ya ɗaga ta sama.

"Wanga fa?"

"Ita lafiyarta lau. Madabod ɗinka ne bai waye ba."

"Ina tawa ta asali?"

Inna Delu ta dafe bakin zanenta. "Kada wanda ya dube ni."

Daga nan Malam Mannir ya hango almakashinsa a ƙasa, bakinsa duk giɓi. Abin da Taju ya gani a fuskar yayansa ya sa bai tsaya sallama ba. Ya bi ta taga. Abokan ango suka rufa masa baya, Luba na biye da ludayi tana kiran a biya ta ƙullunta. Sai bayan magariba aka samo shi a rumbun wani maƙwabci, ya ce yana duba ingancin ginin ne.

Ranar Juma'a tun da sassafe Malam Mannir ya kwashi akwatin da riguna zuwa Gusau. Allon ya ƙone ƙurmus, amma Allah ya taimaka ma'ajiyar zanen ba ta taɓu ba. Wani abokin sana'arsa ya ba shi aron injinsa. Ya yi wa ƙunar faci, ya rufe ta da surfani mai faɗi tun daga wuya har ciki. Lokaci bai kai ga na abokan ango ba. Haka suka karɓi rigunansu ba ko zare ɗaya, da sharaɗin a kawo musu Taju Tsafe, shi zai yi ɗaukar tabarmi da rabon abinci.

Ranar Asabar, bayan an ɗaura aure, ana zaune ana cin shinkafa, Taju na yawo da faranti a ka, gumi na zuba. Babban abokin ango ya kira maroƙi ya raɗa masa magana a kunne, ya cusa masa wani abu a aljihu. Maroƙi ya gyara tsayuwa, ya nuna Taju da sanda, ya ɗaga murya:

"Jama'a, ga Injiniya na Bungudu! Mai yi wa ƙwaƙwalwa ƙafafu! Mai goge wa kwamfuta baki! Kai ka ba tsohuwa magogi, ka ba ango taga a ƙirji! Danna sau ɗaya, unguwa ta watse!"

Wurin ya kaure da dariya. Har ango sai da ya riƙe ciki, hawaye na zuba.

Taju ya sauke faranti a hankali. Ya gyara wuyan rigarsa, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama, yana jinjina wa jama'a ta kowane ɓangare. Sannan ya sunkuya kusa da yayansa, fuska cike da annuri.

"Yaya, ka ji ko? Kai duk shekarun da ka yi kana ɗinki, an taɓa yi maka kirari a Tsafe?"

Malam Mannir ya auna ƙeyar Taju da ido. Ya ajiye cokali, ya sunkuya, ya fara cire takalmi.